Fure ba ya magiya amma ƙudan zuma na zuwa, ni me ya sa ake kallon sitatus ɗina a wuce?

Mai Humra:
Salamu alaikum 'yan kasuwa barkanmu da war haka. Dan Allah ina da tambaya amma sai kun yi haƙuri dan zancen da ɗan tsawo. Ni humra da turaren wuta nake haɗawa a gida, shekara ta uku kenan, kuma duk cinikina a waya ne, sitatus ɗin WhatsApp da ɗan Facebook. Kullum sai na ɗora hoto ya kai ashirin wani lokacin talatin, mutum kusan ɗari biyu ke kallo amma wlh sai a yi kwana uku ba wanda ya ce min ko nawa ne. To jiya da safe ina shanya a tsakar gida, akwai kabewa da yara suka shuka a bakin rariya ta yi yaɗo ta hau katanga, sai na tsaya ina kallon furenta, irin ruwan ɗorawar nan mai kama da mazurari, ƙudan zuma sai shiga suke suna fita jikinsu ya yi buɗu-buɗu da garin furen, wani na fita wani na shiga kamar gidan da ake rabon zakka. Na ce ikon Allah, wannan furen ba baki gare shi ba, bai sa data ba, bai yi wa kowa magiya ba, ni ko inda amya take a unguwarmu ban sani ba amma masu sayensa sun iso tun rana ba ta yi zafi ba, kafin azahar ma ya rufe shagonsa. Shin akwai abin da za mu koya a nan ko dai zafin rashin ciniki ne ke damuna?

Dan Kwari:
Hhhhh Hajiya rashin ciniki ne yasa kika fara hira da kabewa, Allah ya kawo kasuwa. Ni dai abinda na sani kasuwa nasibi ce, kuma yanzu ba kudi a hannun mutane, wanda yake lissafin kwanon masara ina shi ina humra. Mu nan tun karfe tara muke bude shago wani lokacin har la'asar ba'a yi mana ko tayi ba kuma ba wani fure da zai canja wannan

Mai Humra:
Alhaji ai na yarda da nasibi, amma maƙociyata ma humra take yi kuma tata tana fita, ƙasa ɗaya muke ciki ni da ita

Malam Mai Bayoloji:
Wa alaikumus salam. Alhaji na Kwari ka bar dariya, abin da Hajiya ta gani ciniki ne sosai. Fure yana da buƙata, so yake a ɗauki garinsa a kai wa ɗan uwansa don ya yi 'ya'ya, shi kuma ba ƙafa gare shi ba. Sai ya nemi ɗan dako ya biya shi da ruwan zaƙi. Launi da ƙamshi su ne allon shago, ruwan zaƙin shi ne hajar. Abin da ya fi burge ni shi ne allon nan ba don idonmu aka rubuta shi ba. Ƙudan zuma ba ya ganin ja yadda muke ganinsa, amma yana ganin wani irin haske da ke cikin hasken rana wanda idon ɗan Adam ba ya kamawa. In aka ɗauki hoton wasu furanni da kyamara mai ganin wannan hasken sai ka ga zane da duhu a tsakiya suna nuna inda zaƙin yake, kamar kibiyar da ake zanawa a bango a ce shago na ciki. Mu ruwan ɗorawa zalla muke gani, shi kwatance yake karantawa. To Hajiya hotunan nan talatin don idon wa kike yin su, naki ko na mai saye?

Mai Humra:
Hmm Malam ka ɗaure ni da jijiyata. Gaskiya kwalaben nake jerawa a kan kafet in ɗauka, wani lokacin in sa musu fulawar roba a gefe dan su yi kyau

Hajiya Dillaliya:
'Yar nan bari in gaya miki gaskiya ko za ki ji haushi. Ƙamshi kike sayarwa amma hoto kike nuna wa mutane. Waya tana kai ƙamshi ne? Farar humra a kwalba da kunun aya a kwalba ai a hoto duk ɗaya ne. Ni sama da shekara talatin ina shiga gidaje da ƙullin kaya tun ba a san waya ba, in zan kai turare gidan biki ba na cewa uffan, mayafina nake turarawa tun dare in kifa shi a kan kwando ya sha hayaƙi, da safe in yafa in je in zauna a tsakiyar mata in yi shiru. Ba a daɗewa wata za ta matso ta ce Hajiya wannan wane turare ne haka. To daga nan ciniki ya fara, kuma ita ta tambaya ba ni na roƙa ba, shi ya sa ba ta iya yi min tayin wulaƙanci.

Mai Amya:
Hajiya Babba ta gama magana. Ni zuma nake yi kuma abin dariyar shi ne mu ma turare muke yi. In muka saƙa amya muka yaɓe ta da kashin shanu ta bushe, ba ma ɗora ta a bishiya haka nan, sai mun turara cikinta mun goga kakin zuma a baki, in ba haka ba sai ta shekara a sama ba wanda ya shiga sai ƙadangare. Kuma ba taron ne ke fara zuwa ba, 'yan ƙalilan ne za su zo su leƙa su zagaya su tafi, in wurin ya yi musu sai ka ga an dawo da gayya. Ko wajen mai rake ku lura, guda ɗaya ne zai fara sauka a kan ɓawon, ka je ka dawo ka tarar an cika baron

Malam Mai Bayoloji:
Yauwa, wannan da Mai Amya ya faɗa shi ne zuciyar maganar. Ɗayan nan da ya fara samu in ya koma gida rawa yake yi a kan saƙar zuma, yana tafiya yana kaɗa gindi ya zagayo ya sake. Inda ya fuskanta a rawar shi ke gaya wa sauran wace kusurwa za su bi in aka kwatanta da inda rana take, daɗewar kaɗawar kuma ita ce nisan wurin. Wani masani ɗan Austiriya, Karl von Frisch, shi ya warware ma'anar rawar nan har ya samu kyautar Nobel a 1973. Kuma ba rawa kaɗai ba, yana dawowa da ƙamshin furen a jikinsa, yana kuma ɗanɗana wa 'yan uwansa abin da ya samo. In zaƙin mai yawa ne sai ya yi ta maimaita rawar, in tsiya ce ko rawar ba zai yi ba. Af, na ce "ya" ne don haka muka saba faɗa, amma duk masu fita neman nan mata ne.

Hajiya Dillaliya:
Ah to shi ya sa. Da ma kai labari aikinmu ne

Mai Humra:
Hhhh Hajiya. To Malam ni wace ce za ta yi min rawar?

Hajiya Dillaliya:
Mai kitso. Mai lalle. Mai gyaran amare. Telar mata. Duk inda mace za ta zauna awa biyu ba ta da abin yi sai hira da shaƙar iska. Ki samu auduga ki ɗiga humrar ki ƙulle a 'yar leda ki maƙala lambarki, ki kai wa mai kitso kyautar ƙaramar kwalba da turaren da za ta riƙa sawa a kasko in tana aiki. Kar ki ce ta tallata miki, a'a, ki bar hancin mutane ya yi aikinsa

Dan Kwari:
To naji duk wannan amma akwai inda lissafinku ya karye. Shi kudan zuma kyauta yake sha ya tafi, ko sisi baya bayarwa. Ni in na fara rabon yadi kyauta wlh kafin azahar layinmu zai cika har Fagge, wannan ba ciniki bane sadaka ce. Ku nuna min furen da ake biyansa kudi sannan in saurareku

Malam Mai Bayoloji:
Alhaji yana biya mana, da dako yake biya. Kuma ka lura furen ba ya ƙosar da shi, ɗan kaɗan yake ba shi yadda dole ya wuce fure na gaba, da zai cika masa ciki a wuri ɗaya da garin bai je ko'ina ba. Ka ga kenan kyautar ma da awo ake yin ta.

Mai Kankana:
Wannan ai gyara ce da ɗanɗano, mu mun daɗe muna yi ba mu san bayoloji ba ne. Ni a 'Yan Lemo nake saro kaya in tura a baro. Kankana dai kun san ta, kore ce rufe ruf ba wanda ya san cikinta, in na jera su haka nan sai mutane su wuce kamar na jera duwatsu. Amma in na fasa guda na yanka ta tsaye na ɗora a sama jan nan yana sheƙi ruwa na ɗiga, na rantse har mai mota sai ya rage gudu. Asarar kankana ɗaya ke sayar da ashirin. Mai tsire ma ai hayaƙinsa ne ɗan tallansa, shi ya sa yake yarfa mai a wuta in ya ga mutane sun fito daga sallar magariba

Mai Data:
Akwai data mai arha kowane layi, a yi min magana ta gefe, ba jira

Admin:
Mai Data na goge, ranar Juma'a ce ranar talla a gidan nan kuma ka sani. Karo na biyu kenan

Dan Kwari:
Hhhh ga irin furen da yake ihu nan an tsinke shi

Mai Waya:
Ni fa ina ta karantawa ina dariya dan kun zabi bangaren da ya muku dadi ne kawai. Malam fada musu gaskiya, a dajin ma akwai yan damfara. Na taba kallon wani bidiyo na wani fure a kasashen bakin tekun Bahar Rum da yake yin siffar macen wani kudan zuma na daji har da kamshinta, namijin yazo da gudu ya sauka ya gama wahalarsa ya tashi a banza ko digon zaki babu, amma ya kwashi garin furen ya kai gaba. Furen yaci riba bai kashe komai ba. To in daga halitta zamu koya ai wannan ma darasi ne. Ni banga laifin wanda yasa filta a hoto ko ya goge tsohuwar waya ya sa mata sabon kwali ba, ido ake fara saya

Malam Mai Bayoloji:
Ba ka yi ƙarya ba, akwai su, dangin furannin da ake kira okid ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na danginsu ba sa ba da komai, allo ne kawai ba haja. Ko a nan gida akwai tsiron karan masallaci, furensa wari yake kamar abin da ya ruɓe don ya yaudari ƙudaje. Amma bidiyon bai ƙarasa maka labarin ba. Ƙwaron yana koyo, in aka yi masa sau ɗaya sau biyu sai ya daina sauka a wurin, shi ya sa irin waɗannan furannin galibi ba sa yin 'ya'ya da yawa kamar masu ba da zaƙi. Da sababbin fitowa da ba su san dawan garin ba suke rayuwa. Kuma ba wanda zai koma gida ya yi rawa saboda su.

Mai Waya:
To ai sabbin fitowa basa karewa Malam. Kano kullum baki ake saukewa a tasha

Mai Kankana:
Ɗan uwa bari in ba ka nawa da ya faru da ni. Wata shekara na saro kaya ashe an tsinke su ba su nuna ba, na fasa uku duk fari-fari kamar gwanda ɗanya, sai na je na sayi mai kyau guda ɗaya wajen wani na yanka na ɗora a sama. Ranar kam na sayar tas. Washegari ina tsaye sai ga wani dattijo da yake saye a wajena kusan kullum ya zo da rabin kankana a leda, bai yi faɗa ba bai ɗaga murya ba, ya ajiye min a kan baro ya ce ɗana ga ajiyarka, ya juya. Wlh da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Layin nan gaba ɗaya sai da na daina bi kusan wata uku dan duk majalisarsu ta ji, dole na koma tura baro unguwar da ba a san ni ba ina shan rana. To ka ga rawar ƙudan zuman ta yi aiki amma a kaina

Ustaz Mai Dabino:
Jama'a kafin a yi nisa. Kallon halitta don ɗaukar darasi abu ne mai kyau, sura guda ce a Alƙur'ani take ɗauke da sunan ƙudan zuma, Suratun Nahli, kuma a aya ta 68 da 69 an ambaci gidajensa da cin da yake daga 'ya'yan itatuwa da zumar da ke fita daga cikinsa. Amma fure ba a ɗora masa shari'a ba, kai an ɗora maka. Hadisi ya tabbata a Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai tsibin abinci ya sa hannu a ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. To tsohuwar waya a sabon kwali in ba ka faɗa ba ai ita ce jiƙaƙƙen hatsin a ƙasa.

Mai Waya:
Ustaz ni misali na bayar fa ban ce ina yi ba

Dan Kwari:
Munji, misali ne mai kwali

Mai Humra:
Kai Alhaji ka bar shi haka mana. Ni dai filtar nan ina sawa gaskiya dan hoton ya yi haske, amma tunda ƙamshi ba ya shiga filta ban ga ma amfaninta ba yanzu. Wata tambayar kuma, maganar lokaci fa? Ni da na idar da asuba nake zuba hotunan gaba ɗaya in huta

Mai Shayi Ɗan Maraɗi:
Hajiya wa ka kallon turare da asuba? Lokacin kowa na neman abin karin kumallo da kuɗin makarantar ɗiya. Ni teburina sau biyu yaka ci, da sahe da bayan isha'i, in na hito da rana tsaka ko ƙuda ba ya zuwa. Kowace sana'a da sa'atta

Malam Mai Bayoloji:
Ɗan Maraɗi ya tuna min da kuka. Ku lura da furen kuka, fari ne babba yana reto a ƙasan reshe da dogon igiya, kuma da yamma yake buɗewa in duhu ya fara, washegari ya fara yaushi. Ga shi ƙamshinsa ba mai daɗi ba ne a hancinmu. Duk wannan saboda mai sayensa jemage ne. Fari don a gan shi cikin duhu, reto a fili don jemage ya samu wurin kamawa ganye bai tare shi ba, dare don lokacin ne jemage ke fita kasuwa. Ɗorawa ma haka, jajayen tulluwar nan da ke reto jemagu ne manyan baƙinta da dare. Kuka ba ta damu da cewa ƙudan zuma ya fi yawa ko ya fi farin jini ba, ta san nata. Kabewar Hajiya kuma ta safe ce. Sitatus ma awa 24 yake yi ya mutu kamar furen kukar, in kin zuba talatin da asuba, lokacin da matan suka kwantar da yara suka ɗauki waya da dare naki ya nutse a ƙasan na mutane, kuma wadda ta buɗe ta ga ɗigo-ɗigo talatin a sama dannawa kawai za ta yi ta wuce.

Mai Humra:
Wlh ni ma haka nake yi wa na mutane, in na ga layin ya yi ƙanana kamar ƙwayar gero ko tsayawa ba na yi. Ashe abin da nake gudu shi nake yi

Mai Amya:
Kuma Hajiya in hoton bara ne kike maimaitawa ki canja. Akwai tsuntsun nan rawaya mai baƙin kai da ke saƙa sheƙa a bishiya suna taruwa da yawa da hayaniya, kabare muke ce masa a wajenmu. Namijin ne ke saƙa da ɗanyar ciyawa, in ya gama sai ya maƙale a ƙasan sheƙar kai a ƙasa yana karkaɗa fiffike yana kuka macen ta zo ta duba. In ba ta karɓa ba har ciyawar ta bushe ta yi ja, da bakinsa yake warware ta ya zubar ya sake sabuwa. Ina zama a gindin bishiya in ga tarkacen na faɗowa. Tsuntsu ma ya san ba a tallan tsohon kaya

Dan Kwari:
Wannan kam gaskiya ne, mu ma samfurin da muka rataya a kofa in rana ta cinye shi cirewa muke. Amma tunda kun dage da dabbobi ni nawa dawisu ne. Shagon da ya cika da kaya har rufi ga fitilu ga gilashi shi mutane suke shiga ko da tsadarsa tafi, dan sun san mai wannan kayan bazai gudu da kudinsu gobe ba. Karshenta dai maganar ta dawo kan jari, wanda bashi da jela ba abinda zai baza

Malam Mai Bayoloji:
Alhaji yau ka shigo aji da kanka. Wani masani Amotz Zahavi ya kawo wannan bayanin a 1975, cewa jelar ɗawisu ana yarda da ita ne saboda tsadarta, nauyi gare ta, kuma marar lafiya ba zai iya ɗaukar irinta ba. Abin da ke da wuyar kwaikwayo shi ake gaskatawa. Sai dai tsada ba kuɗi kaɗai ba ce. Mai Kankana in ya ce zan fasa a gabanka in ba ja ba ce kar ka biya, ita ma jela ce, don mai fararen kankana ba zai iya faɗin haka ba.

Hajiya Dillaliya:
Kuma na ga waɗanda suka ci bashi suka yi jelar, gilashi da fitila da kujera mai juyawa, wata shida aka sa kwaɗo a shagon. Ɗawisu tasa a jikinsa ta tsiro ba aro ya yi ba

Mai Lalle:
Sai yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Anti Mai Humra in kina cikin gari ki yi min magana ta gefe, ina da amare biyu satin nan kuma kullum sai an tambaye ni inda ake samun turare mai kama jiki. Amma fa in ba shi da kyau ba zan yi rawar ba hhh. Ni abin da na lura da shi kuma shi ne sauti, mai gyaran takalmi in ya buga akwatinsa ko mai yankan farce ya kaɗa almakashi kana cikin ɗaki ka san waye, bai ce komai ba. Mu a waya ba mu da irin wannan, yau hoto da jan rubutu gobe da shuɗi jibi an canja suna

Malam Mai Bayoloji:
Akwai misalin wannan mai ban mamaki. A wasu ƙasashen Afirka akwai tsuntsun da ke jagorantar mutane zuwa kogon zuma, su fasa su ɗebi zuma shi ya ci kakin. A dajin Niassa na ƙasar Mozambik mafarautan zuma 'yan ƙabilar Yao suna da kira guda da suka gada, karkaɗa leɓe ne da ɗan gurnani a ƙarshe. Binciken da Claire Spottiswoode da abokan aikinta suka fitar a 2016 ya nuna in an yi wannan kiran damar samun zuma tana tashi daga kusan kashi 17 cikin ɗari zuwa kashi 54, in aka kwatanta da wani sautin daban. 'Yan Hadza na Tanzaniya kuma fito suke yi, kuma tsuntsayen kowane yanki sun fi amsa kiran mutanen yankinsu. Ba daɗin kiran ba ne, tsuntsun ya san duk sanda ya ji shi akwai mutum mai gatari da wuta da zai bar masa rabonsa.

Mai Shayi Ɗan Maraɗi:
Malam ni ba ni da kira, ƙarar cokali cikin kofi ta isa

Malam Mai Bayoloji:
Kai ai naka ya fi na kowa. An gano ruwan furen kofi da na lemo yana ɗauke da ɗan sinadarin nan da ke cikin shayi da goro, kuma binciken da aka yi a jami'ar Newcastle ta Ingila a 2013 ya nuna yana sa ƙudan zuma ya fi tuna ƙamshin furen washegari. Ka ga itacen lemo ma mai shayi ne.

Dan Kwari:
Shikenan gobe zan fara rabawa kwastomomi goro

Mai Humra:
Salam, na dawo da rahoto tunda yau kwana tara. Na rage hotuna zuwa uku kuma bayan isha'i nake sawa, ɗaya ma ba kwalba ba ce, bidiyon kasko ne hayaƙi na tashi an kifa kwando da mayafi a kai irin yadda Hajiya Babba ta faɗa. Na ƙulla auduga goma sha biyar na kai wa Mai Lalle da mai kitsonmu. Mutum huɗu sun yi min magana, biyu sun saya, ɗaya ta ce in jira albashi, ɗayar kuma ta sa na yi ta lissafi har da kuɗin kai kaya Hotoro sannan ta ɓace ko amsa sallama ba ta yi. Mai kitson kuma ta ce turaren ya yi mata hayaƙi da yawa yana sa ta tari, sai na rage wani abu a haɗin

Dan Kwari:
Mutum biyu a kwana tara kuma karshen wata ne Hajiya, ni ban gamsu ba tukuna. Ki dawo mana tsakiyar wata muga ko kudan zuman na nan

Mai Lalle:
Alhaji ɗaya daga cikin biyun nan yayar amarya ce kuma ta karɓi lambar dan kayan lefen ƙaninsu, a dai jira

Mai Amya:
Hajiya ya kabewar, ta fara 'ya'ya?

Mai Humra:
Ina fa, yara sun bar ƙofa a buɗe shekaranjiya akuyar maƙota ta shigo ta cinye ta har yaɗon, guda ɗaya ce ta tsira a saman katanga inda bakinta bai kai ba